Motar Sa'adiyya da Tafin Hannuna

Jiya ma wasu samari biyu sun shigo warsha, wato garejina, ɗaya yana tura min waya har kan hanci. "Mu'allim, shuf, duba nan. Minti goma kacal!" Na duba. Wani Bature ne ya jawo ruɓaɓɓiyar mota daga cikin ciyawa, aka saka kiɗa, hoto ya yi ta gudu, kafin in kai kofin shayi baki sau uku mota ta fito tana sheƙi. Wai su ma sun ga irinta ana tallanta a waya, tsohuwar ƙirar Amurka mai ƙofa biyu da silinda takwas, za su saya su tashe ta kafin azumi. Na ce su zauna in ba su labari, suka ce sauri suke yi. Ban ga laifinsu ba, ni kaina ban iya zama ba, a tsaye nake cin abinci tun ina yaro. To tunda a waya kuke jin magana, ga labarin nan, ku karanta a can.

Sunana Usman. A nan Jidda aka haife ni, a unguwar Kurayyat na tashi. Kakana ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Katsina zuwa aikin Hajji, ya zo bai koma ba. Sana'ata ita ce wadda ake ce wa mai yinta samkari, wato mai gyaran jikin mota: in buga lotsawa ta tashi, in yanke tsatsa, in ɗinke ƙarfe da wuta. Inji ba fannina ba ne, fenti ma haka. Na haura shekara arba'in ina wannan aiki, kuma a layin masu gyara ba wanda ke kirana Usman. Abu Kaf suke cewa, mai tafi, saboda in na shafa mota da tafin hannuna sai in faɗa maka inda aka taɓa bugunta, da wanda ya gyara, ko gwani ne ko ɗan a-samu-a-ci. Wannan sunan shi ne abin da na mallaka, kuma a kansa labarin yake.

Aikin farko da aka ba ni ƙofar wata tasi ce da aka goga wa bango. Maigidana Mu'allim Salim, mutumin Hadramaut, gajere, guduma ta riga ta cinye masa rabin ji, shi ya sa komai da ihu yake faɗa. Na ɗauki guduma zan nuna masa ni ma namiji ne, ya fizge ta ya rataye. Ya cire rawanin kansa ya ɗaure min ido, ya shimfiɗa wani tsumman auduga a kan ƙofar, ya ɗora tafina a kai. "Idonka fenti yake gani," in ji shi. "Ni ƙarfe nake tambayarka. Ina ya faɗa, ina ya tashi?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce to in ci gaba da shafawa har in ji. Wata huɗu na yi ina shafar ƙofofin mutane kamar mai lallashin jinjiri, 'yan layi na yi min dariya, kafin ya mayar min da gudumata.

Tsumman nan ba ado ba ne. Tafi tsirara gumi yake yi a garin nan, ya riƙa kamewa a jikin ƙarfe, sai ka ji ƙaiƙayin yashi da tsagin fenti, ka rasa jin siffar. In ka sa tsumma sai hannu ya zame, tudun da bai kai kaurin takarda ba ya taso maka a tsakiyar tafi. Daga nan sai sauran kaya: gudumomi bakwai, kowacce da bakinta; dunƙulen ƙarfe da ake riƙewa a bayan wurin da ake bugu, 'yar maƙerar hannu ke nan; magagari; alli na yin alama. Kunne ma yana aiki. In guduma ta sami maƙera daidai ta cikin ƙarfe, ƙara ce siririya mai tsabta. In ka kauce, sai ka ji dum, kamar an buga garwar ruwa. Amma kunne yana faɗa maka yadda ka buga ne kawai, inda za ka buga sai tafi.

Abin da bidiyonku ba ya nunawa shi ne iskar Jidda. Teku na nan kusa, iska na ɗauke da gishiri da laima, mota tana ruɓewa daga ciki alhali waje na ƙyalli. Sannan ga shekarar ambaliya, wadda duk ɗan Jidda da ya mallaki hankalinsa a lokacin ba zai manta ba. Ruwa ya kwaso motoci ya jibge su kan juna kamar takalma a ƙofar masallaci. Warsharmu kanta sai da taɓo ya kai min ƙugu a ciki, injin walda ya tafi, wata biyu ba mu kunna wuta ba. Da muka buɗe sai ga aiki ya fi ƙarfin masu yinsa, kowa ya zama samkari. Mutum bai taɓa riƙe guduma ba, ya sayi gwangwanin ma'ajun, wato ƙullin nan da ake shafawa ya bushe ya yi tauri, ya cike rami da shi, ya goge, ya fesa fenti. Ma'ajun an yi shi ne don a shafa siriri a rufe ɗan tabo, su kuwa gini suka yi da shi. Ni a shekarar nan na kori masu mota da yawa saboda na ƙi yin haka, muka sha wuya ni da iyalina, amma daga nan ne sunan Abu Kaf ya zauna. Duk mai son sayen tsohuwar mota sai ya zo ya ɗauke ni in shafa masa.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ina da ciwon suga, ya daɗe, kuma ni da shan magani a kan lokaci ba mu taɓa shiri ba. Wajen shekara uku kafin zancen motar nan, yatsun ƙafata suka fara barci. Daga baya abin ya hau hannu. Sai in ji kamar na sa safar hannu mai kauri, ƙusa ta faɗi daga yatsuna ban san ta faɗi ba. In aka kawo mota in shafa, sai in shafa ɗin, amma idona nake sa wa aiki a ɓoye, da abin da na sani na shekaru. Sau da yawa ina dacewa. Tsoro ne ya hana ni faɗa, ba wani abu ba. Abu Kaf ba tafi, to wane ne shi?

Sa'adiyya 'yar yayata ce, ma'aikaciyar jinya, tana zaune da mahaifiyarta a unguwar Madain Fahd. Khali take kirana, wato kawu. Sai da ta haura arba'in aka fara ba mata lasisin tuƙi a ƙasar nan, ta je ta karɓa, ta sayi wata 'yar ƙaramar mota tana zuwa aiki. Wata Juma'a bayan an sauko ta same ni a gida da hoton wata mota a waya: ja, dogon hanci, ƙugu a ɗage saman tayar baya. Irin wadda marigayi mahaifinta ya tuƙa wa wani attajiri ce sa'ad da take ƙarama, yakan biyo da ita ta ƙofar gida ya taka mai sau ɗaya don ta ji rurin.

Na ce, "Ke kuwa me za ki yi da wannan? Mai take sha kamar raƙumi."

"Ya Khali, shekara nawa na yi ina jira a ba ni sitiyari? Ban yi wannan jiran don in ƙare a abin da ke kuka kamar keken ɗinki ba. Injin na da mai duba min. Jikin nake so ka shafa. In ka ce e, halas, shi ke nan, in sayar da tawa in saya. In ka ce a'a, na haƙura."

Motar na wani gida a Abhur, can arewa bakin teku. Mai ita ya rasu, magada na rabuwa da kayan da ba su da bukata. Muka same ta a ƙarƙashin rumfa, tayoyi sun kwanta, kujeru sun tsage, amma fentin na walƙiya. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni: motar da ta yi shekaru a ajiye kusa da teku, me ya sa jikinta ya fi kujerunta lafiya? Ɗan marigayin ya fito cikin farar riga, da ya ji sunana sai ya washe baki. "Kai ne Abu Kaf? Wallahi mahaifina yana ambatonka." Kaina ya kumbura. Na zaro tsummana daga aljihu ina karkaɗewa a hankali, yadda za a gani.

Sai Sa'adiyya ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan maganaɗisu, irin wanda ake mannawa a ƙofar firij, mai siffar yankan kankana. Wai ta karanta cewa in aka bi jikin mota da shi, inda ƙarfe yake zai kama, inda aka cika ma'ajun zai faɗi. Gaskiya ne, kuma mai rauni irin wannan ya ma fi nuna gaskiya, na sani sarai. Amma a gaban mutumin da ya gama yabona? Na ji kamar ta mare ni.

"Mayar da wannan wasan yaran cikin jaka," na ce. "Ko kankana kika kawo ta duba miki, ni in koma gida?"

Ta dube ni, ta mayar. Na bi motar da tafi daga hanci zuwa wutsiya, ina lumshe ido irin na gwanaye. A rafraf ɗin baya na hagu, wato faifan jikin da ya rufe saman taya ya tafi har fitila, na tsaya, don wani abu a raina ya ce in tsaya. Na shafa sau biyu. Ban ji komai ba. Ba santsi na ji ba, ba tudu ba, babu ne kawai. Na ɗago na ce, "Ƙarfenta ne na asali. Saya." Mutumin ya ce shi bai san tarihin jikinta ba, yadda take haka yake sayarwa. Na ce ba komai, ni na duba. A makon ta sayar da ƙaramar motarta ta sayi wannan, ta koma bin tasi zuwa asibiti.

Ranar da aka sauke motar a warsha, layi kaf ya taru. Muka cire kujeru, muka cire gilasai. Maƙwabcina Idris mai fenti, mutumin Kano ne da ya zo umara ya zauna, shi ke fesa duk abin da na buga. Ya ɗauki injin gurza ya fara cire tsohon fenti. Ku riƙe wannan: in inji ya taɓa ƙarfe, tartsatsi yake fitarwa. Ƙofa ta ba da tartsatsi, rafraf ɗin dama ya ba da tartsatsi. Da ya zagayo hagu sai farar ƙura ta turnuƙe, ta rufe masa gemu. Ya ƙara dannawa, ƙura. Ya kashe inji ya ɗauki sukudireba ya caka, ta shige har rabi. Muka ɓamɓaro wani gutsure mai kaurin burodi, a bayansa ga ragar taga, ga tsohuwar jarida, ga busasshen jan taɓon ambaliya yana zubowa. Daga bayan ƙofa har fitila babu ƙarfen da ya kai faɗin tafi biyu.

Idris ya goge fuska ya dubi ƙofa ko akwai mai kallo. "Oga, wannan fa wa ya duba ta?"

Na ce, "Ja tamfol ka rufe."

"Ka ga, abin ba wuya. Mu mayar da shi yadda yake. Ka san finishin ɗina, ko mai ita na farko ya tashi ba zai gane ba. Shekara biyu, uku, lafiya lau."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kwaɓa ma'ajun ɗin. Na zuba a faranti, na sa maganin da ke busar da shi, na juya. Sai na kasa matsawa kusa da motar. Na je ƙofa, na dawo, na je wurin mai shayi, na dawo ban sha ba, na zagaya motar ban san sau nawa ba. Da na koma kan farantin ya riga ya daskare, cokalin a tsaye a ciki. Na jefar da su gaba ɗaya. Amma gaskiyar ma ban faɗa ba. Na buga wa Sa'adiyya waya na ce kada ta zo warsha yanzu, ƙura ta yi yawa, sai na kira ta.

Mako biyu na yi ina yawon tashlih, wato filayen da ake tara matattun motoci ana sayar da sassansu, ina neman rafraf irin nata. Na shiga rana tun safe, na leƙa ƙarƙashin abin da ya fi ƙarfin ƙirgawa, kare ya bi ni, wani mai fili ya yi min dariya ya ce in na samu shi ma in sayo masa. An ce ana iya yin odarsa daga waje ta waya, amma duk wani abu na waya a danginmu Sa'adiyya ce ke yi, in na tambayi wani ma labari zai kai mata. Sai na ce to ai ni samkari ne, in ƙera shi da hannu. Na sayo rufin wata tsohuwar bas, don ƙarfen da ne mai kauri irin na motar. Na yanka kwali na ɗauki siffar rafraf ɗin dama yanki-yanki, na juya shi. Na kafa kututture da buhun yashi, na fara bugu.

Na farko kwana tara ya ci. A ido ya yi kyau. Idris ya watsa masa ruwa muka fitar da shi rana, muka tsaya inda wayar lantarki ke fitowa a jikinsa kamar a madubi. In aiki ya yi, layin wayar miƙewa yake yi ya bi lanƙwasar a hankali. Wannan kuwa sai karkarwa yake, ya yi nan ya yi can. Na san akwai tudu da kwari, ina ganin alamarsu a rana, amma da na koma inuwa na ɗora tafi don in san daidai inda zan sa guduma, shiru. Na riƙa bugu da ka, ina gyara wuri ɗaya ina ɓata biyu, har ƙarfen ya gaji ya yi laushi. Na yar, na yanko na biyu. A kwanakin nan ko sallah na idar ba na iya zaman addu'a, abinci a tsaye, matata ta ce in ba zan faɗi abin da ke damuna ba to in daina zagaye mata tsakar ɗaki.

Wata Asabar da hantsi ina kan na biyun. Akwai wani tudu a ƙugun, irin wanda ake gasawa da wutar gas har ya yi ja kamar kwabo, a buga, a danna jiƙaƙƙen tsumma ƙarfen ya tsuke. Na gasa, na ajiye wuta, na dafa da hagu ina laluben guduma. Ban ji shigowar Sa'adiyya ba, sai muryarta a bayana.

"Khali, me ke ƙonewa?"

Ta fizge hannuna daga kan ƙarfen. Gefen tafin ya yi fari, fata ta tashi, ni kuwa ko a jikina. Ta ja ni zuwa famfo ta sakar min ruwa, tana riƙe da wuyan hannun. A nan tsaye idonta ya sauka kan motar, tamfol ya zame, ga ramin a buɗe, ga ragar taga na lilo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zaunar da ni a kan taya, ta zare fil daga mayafinta.

"Rufe idonka. In ka ji tsini ka ce e."

Na rufe. Rabona da a rufe min ido a warsha tun zamanin Mu'allim Salim. Na jira, na jira, ina jin Idris ya kashe injinsa. Da na gaji na ce, "Yalla mana, ki fara."

"Na soke ka wuri shida," in ji ta. "Tun yaushe?"

Na ce shekara uku. Na ce mata ranar Abhur ban ji komai ba, na faɗi abin da na faɗa ne don kada a ga Abu Kaf ya nemi taimakon kankana. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba, a gaban yarinyar da na goya a kafaɗa.

Ba ta tausaya min ba, kuma na gode da haka. "Haram alaik, ya Khali. Na sayar da motata a kan kalmarka. Da ka bar ni na manna abin nan, da ko na fasa, ko na saya ina sane. Kuma wannan hannun, kana jira sai an yanke shi ne za ka faɗa? Ni nake wanke irin waɗannan raunukan kullum, na san inda suke ƙarewa." Ta naɗe min hannun, ta kira ƙaninta ya kai ni wurin likita a ranar, ta fita ba sallama. Kwana goma sha biyu ba ta ɗaga wayata ba. Likita ya ce abin da ya tafi da wuya ya dawo, sai dai a tsare abin da ya rage.

A rana ta goma sha uku ta shigo da tsohuwar abaya da takalmin roba. Ba ta gaishe ni da fara'a ba. Ta tsaya kan rafraf ɗin da na bari a buhun yashi ta ce, "Me ake ji? Nuna min."

Na ce wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, ni wata huɗu na yi.

"Kai a lokacin ba ka san komai ba. Ni shekara ashirin ina neman jijiya a hannun tsofaffi da jarirai, wadda ido ba ya gani. Ba ni tsumman."

Na ba ta. Na ce ta rufe ido, ta kwantar da tafin gaba ɗaya, kada ta yi da yatsu, ta ja daga sama zuwa ƙasa a hankali. Ta ja sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta tsaya. "Nan ya faɗa kaɗan. Nan kuma, gaba da shi, kamar ƙurji." Na miƙa mata alli ta zana da'ira biyu. Na sa maƙera a baya na buga sau huɗu, ƙarar ta fito siririya. Ta sake shafawa. "Saura kaɗan. Hagu." Na buga. "Halas, ya kwanta." Idris ya watsa ruwa muka fita rana, a daidai wurin nan layin wayar ya miƙe. Na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a akwatin kaya, don idona ya cika.

Haka muka yi wata biyar, duk ranar da ba ta da aiki. Ita ta shafa ta zana, ni in buga. Ba kullum ake dacewa ba. Wani lokaci ta ce tudu alhali kwarin gefensa ne ya ruɗe ta, in buga in ɓata, mu yi ta musu har Idris ya raba mu da shayi. Ta hana ni taɓa wutar gas sai da safar fata, ta sa ƙararrawar magani a wayata, in ta yi ƙara ko ina tsakiyar bugu sai na ajiye. 'Yan layi da suka fara leƙe suna murmushi, ganin mace da tsumma a warsha, suka gaji suka daina. Kuma ba wanda ya tambaye ni dalili, don ni da bakina na je wurin mai shayi na faɗa a gaban kowa cewa tafina ya mutu, duk wanda na shafa wa mota a shekara ukun nan ya dawo da ita a sake dubawa. Mutum huɗu suka dawo. Ɗaya daga cikinsu har yau ba ya amsa sallamata, kuma yana da gaskiya.

Ranar da Idris ya gama fenti, mai inji ya tayar da ita, rurin ya sa tantabarun rufin layi suka watse. Sa'adiyya ta zo da mahaifiyarta. Kafin ta shiga na ce ta ba ni abin nan na cikin jaka. Ta gane. Ta ciro yankan kankanar ta sa min a hannu. Na manna shi a bayan ƙofar hagu na ja shi a hankali, taƙi bayan taƙi, ta saman taya, ta kan ƙugu, har fitila. Bai saki ba ko sau ɗaya. Na miƙa mata ta ce in riƙe, na fi ta bukatarsa. Yana aljihuna yanzu haka, kuma a gaban kowa nake fito da shi.

Ta tafi da motarta, ta koma wurin marasa lafiyarta, don can ne aikinta. Ni kuwa ga gudumomi bakwai a rataye, ga kunne, ga duk abin da Mu'allim Salim ya zuba min a ka, amma maganaɗisu ma'ajun kawai yake tonawa, ba ya gaya min inda zan buga. Likita ya ce riƙon guduma ma ba na har abada ba ne, shi ya sa kuke ganina ina leƙen ƙofa duk sa'ad da na ji takun mutum. Ku biyun nan na jiya, motar da kuka gani ku bar ta tukuna, ba inda za ta. Ku zo da safe kafin rana ta yi zafi, ku bar wayar a aljihu. Akwai ƙofar wata tasi a jingine da bango tun makon jiya, na kasa taɓa ta. Tsumman na rataye a ƙusa kusa da ita, na wanke shi.